Hodar da ke tatsar ruwa daga iska, da abin da ya riga ya shigo buhun takinmu

Tun daga watan Oktoban 2025 da aka sanar da kyautar Nobel ta ɓangaren kemistiri labari yake ta yawo a wayoyin mutane cewa wai an haɗa wata hoda da za ta dinga tatso ruwa daga iska, har wasu na cewa shikenan an gama da 'yan garuwa, an gama da layin tuƙa-tuƙa. Toh maganar akwai gaskiya a cikinta, hodar tana nan, kuma tana tatso ruwan, amma yadda ake bayar da labarin ya sa mutane sun kalli abu ɗaya sun bar babban abin, dan haka nake so mu ɗan zauna a kan maganar, tunda ni aikina kenan koyar da yara kemistiri a ƙauye kuma abin yana damuna idan naga ilimi mai kyau ya koma tatsuniya.

Mutum uku aka ba kyautar. Richard Robson, Bature ne haifaffen Ingila amma a jami'ar Melbon ta Ostireliya ya yi rayuwar aikinsa, sai Susumu Kitagawa na jami'ar Kiyoto a Japan, sai Omar Yaghi na jami'ar Kalifoniya da ke Bakili a Amurka. Abin da suka haɗa ana ce masa MOF a taƙaice, wato ginin ƙarfe da sinadaran dangin kabon. A ido gari ne kawai, wani fari wani shuɗi wani kore, idan aka zuba maka a tafin hannu ba zaka ce komai bane. Sirrin yana ciki, kowace ƙwaya ta garin cike take da ramuka ƙanana, jere reras, girmansu ɗaya, kuma mutum ne ya zaɓi girman da hannunsa tun kafin ya haɗa.

Abu mai ramuka ba baƙo bane a wajenmu. Randar da ke ɗakin kowace tsohuwa tana sanyaya ruwa ne saboda jikin yumɓun yana da ƙofofi da ido baya gani, ruwa yana tsatsowa ta cikinsu ya fito waje, iska ta busar da shi, wannan bushewar ita ke ɗauke zafin. Da wannan ilimin ne marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa a Dutse, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani dan adana tumatir da yalo da alayyahu ba tare da wutar lantarki ba, har kamfanin Rolex ya ba shi kyauta a shekarar 2000. Bambancin randa da MOF shine ramukan randa kara zube suke, wani babba wani ƙarami, yadda ƙasa da wuta suka ga dama, su kuwa na MOF an auna su, kuma sun ƙanƙanta har ta kai ana lissafinsu da nanomita. Silin gashin kai ɗaya kaurinsa ya kai nanomita dubu 50 zuwa dubu 100, ramukan nan kuma yawancinsu nanomita ɗaya ne ko biyu. A wannan ƙanƙantar rami yana iya tantance iska daga iska, ya riƙe wata ya bar wata ta wuce.

MOF gamin gambiza ne, domin ɓangare biyu ake haɗawa waɗanda a da masu kemistiri suke karanta su daban daban. Akwai ƙarfe, irin su zinki ko jan ƙarfe ko alminiyom, shi ne yake zama a kusurwa, sannan akwai wasu dogayen sinadarai na dangin kabon da suke haɗa kusurwa da kusurwa. Idan ka sa mahaɗi dogo ramin ya yi faɗi, idan ka sa gajere ya tsuke, idan ka canza ƙarfen halin ramin ya canza, wani ya so ruwa wani ya ƙi shi. Yadda Robson ya faro abin ma yana da daɗin ji ga duk wanda ya taɓa riƙe alli. A 1974 aka ce ya tanadi ƙwallayen katako da sanduna da za a dinga nuna wa ɗalibai yadda ƙwayoyin zarra suke haɗuwa, sai ya zama dole ya nuna wa masu aikin katako inda za su huda kowace ƙwallo, da aka kawo ya fara harhaɗawa sai ya lura ai wurin hujin shi kaɗai yake tilasta siffar da ginin zai ɗauka. Sai ya ce toh me zai hana a yi haka da sinadarai na gaske. Ya fi shekara goma tunanin yana ransa, sai 1989 ya wallafa sakamakon, ya haɗa jan ƙarfe da wani sinadari mai hannu huɗu ya samu gini mai tsarin lu'ulu'u amma cike da sarari. Matsalar ginin ba shi da ƙarfi, da an taɓa sai ya rushe, mutane da yawa suka ce aikin banza ne.

Kitagawa ne a 1997 ya nuna cewa za a iya haɗa wanda iska za ta shiga ta fita, methen da naitirojin da oksijin, ginin bai rushe ba, daga baya ya kawo tunanin cewa wasu ma za su iya buɗewa su tsuke kamar suna numfashi. Shi ma ya sha wahalar masu ba da kuɗin bincike, suna ce masa ai akwai ziyolait, wani dutse mai ƙananan ramuka da aka daɗe ana aiki da shi, me za a yi da naka. Yaghi kuma a 1999 ya fito da MOF-5, wanda ko an fitar da duk abin da ke cikin ramukan aka gasa shi zuwa digiri 300 yana nan tsaye. Daga nan ƙofa ta buɗe, yanzu an haɗa dubun-dubatarsu a duniya.

Wani abu da yara suke kasa yarda da shi idan na faɗa a aji shine maganar faɗin ciki. Tunda kowace ƙwaya bango ce a kan bango ta ciki, idan ka lissafa duk fuskar bangon nan ka shimfiɗa ta, giram ɗaya na MOF-5 yana ba da murabba'in mita wajen 3000, akwai ma waɗanda aka haɗa daga baya da suka kai 7000. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Kenan giram huɗu kacal na MOF-5 faɗin cikinsa ya haura gonar hekta guda. Kuma duk aikin da waɗannan abubuwa suke yi a jikin bangon nan suke yinsa, iska ko ruwa ko guba a nan suke maƙalewa, shi yasa faɗin yake da muhimmanci haka.

Yanzu maganar ruwan. Yaghi ɗan gudun hijirar Falasɗinu ne, an haife shi a Amman ta Jodan a 1965, ya tashi a ɗaki ɗaya da 'yan uwansa da dabbobinsu, babu lantarki, ruwan famfo sai bayan sati ɗaya ko biyu yake zuwa na 'yan awanni, idan baka tashi da asuba ka tara ba kun shiga uku. Yana ɗan shekara 15 ya tafi Amurka. Duk wanda ya tashi a garin da ake bin rijiya da asuba zai gane dalilin da ya sa mutumin nan ya nace wa maganar ruwa, kuma wallahi ina ganin girmansa a kan haka. Yadda abin yake aiki ba wuya, da daddare iska tana da ɗan danshi ko a hamada ne, sai a buɗe akwatin hodar ta tsotse laimar, da rana a rufe, zafin rana ya kori ruwan daga ramukan ya zama tururi ya taru a jikin akwatin ya gangaro. An gwada a hamadar Arizona, an gwada a wani kwari na Kalifoniya da ke cikin wuraren da suka fi zafi da bushewa a duniya, kuma ruwa ya fito, mai kyau na sha. Abin burgewar shine tana aiki ko da danshin iska ya sauko ƙasa da kashi 20 cikin 100, irin yanayin da muke shiga lokacin hunturu da leɓe ke tsagewa.

Amma a duba yawan ruwan. A gwajin da aka yi da hasken rana kaɗai ba inji, kilo ɗaya na hodar yana ba da wajen kwatan lita ko ƙasa da haka a yini. Wanda aka sa wa fanka da sola yana juyawa sau da yawa ya fi haka, amma a hamada shi ma bai cika lita ɗaya a kilo ba. Toh jarka ɗaya lita 25 ce, kaga da irin na farkon sai ka tanadi kilo ɗari na hoda kafin ka cika jarka ɗaya a rana, gida mai mutum goma kuma ga wanka ga girki ga alwala ga tumaki biyu a ɗaure, jarka nawa suke sha? Ni a ganina wannan fasahar wurinta shine inda babu ruwa sam a ƙasa ko a sama, ko sansanin soja, ko matafiya a sahara. Mu kuwa yawancin Jigawa, musamman gabas da arewa ta wajen Haɗejia da Gumel, ruwan yana nan a ƙarƙashin ƙasa, wasu shekarun ma ambaliya ce take cinye mu kamar 2022, abin da ya hana mu sha shine tuƙa-tuƙar da ta lalace ba a gyara ba da burtsatsen da aka haƙa aka bar shi ba sola. Ko wuraren da ke kan dutse irin su Kazaure da Gwaram inda haƙa take wahala, kuɗin da za a kashe a kan hodar nan a yau zai yi wa mutane aikin da ya fi haka ta wata hanyar. Bana so wani ɗan siyasa ya zo gobe ya ce zai kawo mana injin ruwa daga iska mu tafa masa.

Babban abin da aka bari a baya shine katalis, kuma shi ya riga ya shiga rayuwarmu tun kafin a haife mu. Katalis abu ne da yake sa sinadarai biyu su haɗu ko ɗaya ya rabu cikin sauri da sauƙi, shi kuma ya fito yadda ya shiga a sake amfani da shi. Baya ƙirƙirar abin da ba zai yiwu ba, abin da zai yiwu amma sai an sha baƙar wahala ko an jira shekaru shi yake sauƙaƙawa. Ana ƙiyasta cewa kusan kashi 90 cikin 100 na kayan da masana'antun sinadarai suke fitarwa sai sun bi ta kan katalis a wani mataki.

Ɗauki buhun yuriya. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, abincin da masara da shinkafa suke nema ruwa a jallo, amma shuka bata iya ɗaukarsa daga iska saboda ƙwayoyinsa biyu biyu suke a ɗaure da ɗauri uku, ɗaya daga cikin ɗauri mafi ƙarfi da aka sani. A 1909 wani Bajamushe Fritz Haber ya nuna za a iya haɗa shi da haidirojin a samu amoniya, Carl Bosch na kamfanin BASF ya mayar da abin masana'anta a 1913, wani abokin aikinsu Alwin Mittasch kuma ya gwada dubban haɗe-haɗe kafin ya tsaya a kan baƙin ƙarfe da aka ɗan gauraya da wasu abubuwa. Abin da ke faruwa shine naitirojin yana sauka a jikin ƙarfen, ƙarfen ya riƙe shi ya sassauta ɗaurin nan har ya tsinke, haidirojin ma ya rabu a wurin, sai su haɗu ɗaya bayan ɗaya su tashi a matsayin amoniya, wurin ya koma fili wani ya sauka. Duk da taimakon ƙarfen sai an kai zafi digiri 400 zuwa 500 da matsi sama da ninki ɗari na iskar da muke ciki, shi yasa aikin nan shi kaɗai yake cin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na makamashin duniya. Amoniyar ce ake haɗawa da kabon dayokzaid ta zama yuriya, a masana'antar Dangote da ke Lekki wadda aka buɗe a 2022 mai ƙarfin tan miliyan 3 a shekara, ko ta Indorama a Eleme. Masana suna ƙiyasta kusan rabin mutanen duniya da abincin da wannan takin ya noma suke rayuwa. Dan haka duk sanda farashin gas ya motsa zaka ji shi a kasuwar Maigatari ko Dawanau, tunda daga gas ake ciro haidirojin ɗin kuma da shi ake hura wutar.

Sai kuma ka je gona ka tuge gyaɗa ko wake ka kalli saiwar. Zaka ga wasu ƙulle-ƙulle ƙanana manne a jiki, idan ka fasa ɗaya da farce mai rai ne zaka ga cikinsa ja-ja. Ƙwayoyin bakteriya ne a ciki suke yin aikin da masana'antar Lekki take yi, suna kama naitirojin daga iska su mayar da shi abincin shuka, a cikin ƙasa, a zafin damina, ba tukunyar matsi ba gas. Suna yi ne da wani katalis nasu wanda a tsakiyarsa akwai ɗan dunƙulen baƙin ƙarfe da molibdenom, an kewaye shi da ginin furotin da yake tsara wa zai shiga wa zai fita. Shi yasa iyayenmu suke surka gero da wake tun kafin kowa ya ji sunan naitirojin. Wannan tsarin, ƙarfe a tsakiya da gini na dangin kabon kewaye da shi, shine ainihin abin da masu binciken MOF suke kwaɗayin kwaikwaya. Har yau babu wanda ya haɗa abin da zai maye gurbin hanyar Haber da Bosch a masana'anta, amma nan ne hankalin mutane da yawa yake, kuma idan aka dace wata rana aka rage wutar da ake ƙonawa kafin a samu buhu ɗaya, wannan zai taɓa manomin Auyo da Kura fiye da duk wani ruwan iska.

Kafin MOF akwai ziyolait, kuma har gobe shi ne sarki a masana'anta. Dutse ne da ake samu a ƙasa, wani masani ɗan Suwidin Axel Cronstedt ya bayyana shi a 1756, daga baya aka koyi haɗa shi a ɗakin gwaji daga silika da alumina. Shi ba gamin gambiza bane, ba kabon a gininsa, shi yasa wuta bata dame shi ba. Tun shekarun 1960 matatun mai suke amfani da shi wajen farfasa mai mai nauyi ya koma fetur. Ana watsa garin cikin mai mai zafi sama da digiri 500, cikin 'yan daƙiƙoƙi dogayen sinadaran sun shiga ramuka sun karye sun fito gajeru, garin ya yi baƙi da dauɗar kabon, a kai shi wani ɗaki a ƙone dauɗar a dawo da shi, haka ake ta juyawa dare da rana. Matatar Kaduna an gina ta da irin wannan sashen, ta Dangote ma tana da shi. Fetur ɗin da ke cikin babur ɗinka akwai yiwuwar wani kasonsa ta cikin ramin ziyolait ya biyo.

Akwai wani wurin kuma da ziyolait yake ceton rai a kusa da mu mutane basu sani ba. Injin oksijin ɗin nan da ake jonawa a wuta a ɗakin yara na asibiti, wanda yake ta huci yana tsayawa, babu tukunyar oksijin a cikinsa. Gwangwani biyu ne cike da ziyolait, injin yana tura iskar ɗaki cikin ɗaya, ramukan su riƙe naitirojin su bar oksijin ya wuce, kafin ya cika sai a juya wa ɗayan shi kuma na farkon ya saki abin da ya riƙe, hucin da kake ji kenan. Abin da yake isa hancin yaro mai ciwon haƙarƙari oksijin ne sama da kashi 90 cikin 100. Babban maƙiyin injin danshi ne da ƙura, idan laima ta shiga ziyolait ɗin ta zauna a ramukan sai ya daina tacewa, injin yana ta ƙara kamar lafiya lau alhali iskar banza yake bayarwa. Shi yasa wanke matatar ƙurar da ke bayansa da auna abin da yake fitarwa ba ƙaramin abu bane, kuma ina roƙon duk ma'aikacin lafiya da ya karanta wannan ya riƙe maganar.

Ko abin nan na cikin salansar mota da makanikai suke ce wa indomi katalis ne, yumɓu mai ƙofofi da aka shafa wa filatinom da faladiyom da rodiyom dan ya mayar da hayaƙi mai guba mara illa sosai. Tsadar ƙarafan ce ta sa ake cire shi a sayar, motar ta ci gaba da tafiya, mu kuma mu ci gaba da shaƙa.

Toh tunda ziyolait yana duk wannan, me MOF ya zo da shi? Zaɓi. Tsarin ginin ziyolait da aka sani wajen 250 ne, ramukansu kuma ƙanana ne, babban sinadari irin na haɗa magani baya shiga. MOF kuwa kai zaka zauna ka tsara, ka faɗaɗa ramin, ka dasa ƙwayar ƙarfe ɗaya tak a daidai inda kake so, ka san duk ƙarfen da ka saya yana aiki ba wanda ya ɓuya a ciki, kuma tunda gari ne ba narkewa yake ba idan an gama sai a tace shi a sake amfani da shi. Akwai wani Bafaranshe marigayi Gérard Férey a jami'ar Basai da ƙungiyarsa suka fito da MIL-101 a 2005 mai manyan ɗakuna a ciki, ana yawan gwada shi a matsayin katalis. A Oslo ta Nowe kuma a 2008 aka haɗa UiO-66 da ƙarfen zakoniyom, wanda ruwa da zafi basa rusa shi da wuri. Irin waɗannan na zakoniyom an nuna a ɗakin gwaji suna wargaza gubar yaƙi mai kashe jijiya, kuma gubar nan dangi ɗaya ce da wasu magungunan feshi irin su fiya-fiya da muke ajiyewa a ɗaki muna zuba wa wake. An kuma gwada wasu wajen kama iskar etilin, wadda 'ya'yan itace suke fitarwa tana sa su nuna da sauri, duk wanda ya taɓa ganin kwandunan tumatir suna ruɓewa a Kwanar Gafan lokacin kaka ya san me wannan yake nufi, ko da yake zafi da rashin hanya da rashin wurin sanyi sun fi etilin yi mana ɓarna.

Amma dole a faɗi rauninsu. Mahaɗin nan na kabon shine ƙarfinsu kuma shine rauninsu, domin yana ƙonewa, yawancinsu basa wuce digiri 300 zuwa 500, kenan aikin matatar mai ba nasu bane. MOF-5 da ake ta yabo idan ka bar shi a iska mai danshi lalacewa yake. Da yawa ana dafa su ne a cikin wani ruwan sinadari mai tsada kuma mai illa ga lafiya, abin da ka haɗa giram ɗaya a kwalba kuma ba lallai ya haɗu tan ɗaya a tukunya ba. Cikin dubun-dubatar nan 'yan kaɗan ne suka fita daga ɗakin gwaji suka shiga kasuwa. Wanda ya fi yin nisa shine CALF-20 da aka haɗa a jami'ar Kalgari ta Kanada, yana kama kabon dayokzaid daga hayaƙi ko da hayaƙin da danshi, an gwada shi a masana'antar siminti a can, kuma kamfanin BASF ya sanar a 2023 cewa ya fara haɗa MOF na kama kabon da yawan ɗaruruwan tan a shekara. Akwai kuma waɗanda ake zubawa cikin tukwanen adana gas mai guba na masana'antun kayan lantarki. Shekara talatin da wani abu kenan daga takardar Robson, kaga abin ba na gaggawa bane.

Inda nake ganin muna da rabo a nan kusa shine tace ruwa da haɗa abin daga kayanmu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara. Masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai an daɗe ana rubutu a kan kuromiyom da yake bin ruwansu, kuma akwai masu noman rani da suke ban ruwa da abin da ya gangaro ta kogin Challawa da Jakara, kayan lambun kuma kasuwa ɗaya muke haɗuwa da su. Kama ƙarfe mai guba daga ruwa aiki ne da abubuwa masu ramuka suka iya, kuma ba sai MOF mai tsada ba, gawayin da aka sarrafa daga ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa shi ma giram ɗaya yana iya kai ɗaruruwan murabba'in mita har sama da dubu. Tokar ɓuntun shinkafa kusan duk silika ce, ga ta nan tsibi tsibi a bayan injinan casa a Kura da Haɗejia ana rasa yadda za a yi da ita, silika kuma ita ce rabin kayan haɗa ziyolait. Ɗaya rabin yana cikin farar ƙasa, kuma masu bincike a jami'ar Ahmadu Bello Zariya sun daɗe suna haɗa ziyolait daga farar ƙasar Ƙanƙara ta jihar Katsina da niyyar a samu katalis na matatar mai na gida. Hatta mahaɗin da ke cikin MOF-5 da UiO-66 sinadari ɗaya ne da wanda ake yin robar lemo da ruwan gora da shi, kuma masu bincike a ƙasashe daban daban sun nuna ana iya narka tsofaffin robobin a ciro shi a haɗa MOF.

Abin da yake tsayar da yaranmu a jami'o'in Bayero da Dutse da Wudil da Kafin Hausa ba ƙwaƙwalwa bace. Idan ka haɗa garin nan, da ido ba zaka san ko ka dace ba, sai an sa shi a injin da yake haska shi da hasken eksire ya nuna tsarin ginin, sai kuma wani injin da yake sanyaya shi da ruwan naitirojin ya auna faɗin cikin. Na san ɗalibin digiri na biyu da ya gama haɗa samfurinsa ya ɗaure a leda ya aika wata jami'a mai nisa, ya biya daga aljihunsa, ya zauna jiran sakamako wata da watanni, kafin ya dawo samfurin da ya rage a hannunsa ya sha laimar damina. Wanda yake aiki a haka gwaji biyu ko uku zai yi ya rubuta ya tafi, alhali Mittasch sai da ya gwada dubbai. Idan asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund da gwamnatocin Kano da Jigawa za su haɗa kai su ajiye injinan nan biyu a wuri ɗaya, da sola mai ƙarfi da ma'aikacin da aka horar aka kuma riƙe shi da albashi mai kyau, kowace jami'a ta yankin ta dinga kai samfur ana ba ta amsa cikin sati, to sai a fara da tambaya ɗaya mai sauƙi, wane haɗi na ɓuntun shinkafa da farar ƙasa ne zai fi cire kuromiyom daga ruwan da ake ban lambu da shi a bakin Challawa, sau nawa za a iya wanke shi a sake amfani da shi, kuma nawa buhu ɗaya zai tsaya wa manomi.